Moɗar Baba

Shekara bakwai ke nan ina koyar da manya karatu a wani ƙauye tsakanin Tasawa da Mayahi. A ajina akwai wani dattijo Kirista, shi kaɗai cikin mutum 23. Baba muke ce masa. Randarmu ɗaya, amma moɗa biyu: ta jama'a daban, tasa daban. Haka na tarar, ban kuwa ce uffan ba.

Ran nan da bazara, bayan an tashi, sai ya tsaya ya ce, "Mushe, taimake ni da shafin nan. Ran Alhamis ni zan karanta shi gaban ƴan'uwana."

Linjilar Yahaya ce, sura ta 13. Kwana tara muka yi a kanta, yana bin baƙaƙen da yatsa. A nan na san abin da Kirista suke tunawa a Alhamis ɗin da ke kafin Ista. A daren, in ji littafinsu, Yesu ya ɗaura zane, ya zuba ruwa a kwano, ya wanke ƙafafun almajiransa, aikin da bara yakan yi wa baƙo. Bitrus ma da fari ƙi ya yi. Daga nan ya ba su umarni su ƙaunaci juna kamar yadda ya ƙaunace su. Shi ya sa a cocin Katolika fada yakan wanke ƙafafun mutum 12 a wannan rana. A 2016 Fafaroma Francis ya wanke na ƴan gudun hijira kusa da Roma, har da Musulmi cikinsu.

Na je na ji karatun ɗalibina. Su tara ne a zaure. Ya yi tuntuɓe sau biyu, ya gyara da kansa. Ku da kuka san rijiyoyinmu a watan Afrilu kun san darajar ruwa. Duk da haka, da na iso da ƙurar hanya, matarsa ta kawo mini na wanke ƙafa, Baba kuma ya miƙo mini na sha a moɗar da iyalinsa suke sha. Kunya ta kama ni.

Ni Musulmi ne, ban sake addini ba, shi ma bai nema ba. Amma ran Asabar na ɗauke moɗa ta biyu, na sha a bayansa kowa yana gani. Mutum biyu suka daina zuwa. Ɗaya ya komo bayan girbi. Ɗayan har yau gaisuwa kawai muke yi a kasuwa, sunansa yana nan cikin rajistata ban soke ba.