Kwana Biyar a Kozhikode da Busasshiyar Kwakwa

Litinin

Na baro Yaya a asibiti tana barci, na shiga Valiyangadi, tsohuwar kasuwar garin. Ƙanshin kopra ne ya fara tarbata: kwakwar da aka fasa biyu aka shanya har ta yi tauri, wadda ake tatsar mai daga cikinta. Na sayi ɓari biyu, na cinye ɗaya bayan Isha'i kamar yadda nake cin kwakumeti a Kano.

Talata

Ciki ya kumbura, ga ƙwarnafi, gyatsa kuma ba ta daɗi. Ban iya karyawa ba.

Laraba

Mai masaukinmu ya kai ni wurin wani dattijo likitan Ayurveda. Ya riƙe tsintsiyar hannuna, ya duba harshena, sannan ya tambaye ni wace irin kwakwa na ci, kuma da ƙarfe nawa. Tambayar ta ba ni mamaki, don a wurina kwakwa kwakwa ce.

A wurinsu ba haka ba ne. Littafin Bhavaprakasha na ƙarni na 16 ya bambanta ɗanya da tsohuwa. Ɗanya mai ruwa tana sanyaya jiki, tana kwantar da zafin da suke kira pitta. Tsohuwa kuwa nauyi gare ta, tana tayar da wannan zafin, tana tsare ciki. Dattijon ya ce akwai wuta a cikin ɗan Adam, agni, mai dafa abinci. Da rana tsaka take ci sosai, da dare ta lafa. Ni kuma na jibga mata ɗanyen gungume tana shirin kwanciya.

Ya sa ni shan kunun shinkafa da ruwan busasshiyar citta mai ɗumi.

Alhamis

Sauƙi ya samu. Na tambayi likitar da ke duba Yaya, ba ta yi maganar wuta ba, amma ta ce fiye da rabin nauyin kopra mai ne, kuma maiƙo yana jinkirta saukar abinci daga ciki. Na ji daɗi da maganarsu ta haɗu.

Juma'a

Bayan masallaci muka ci abinci a gidan mai masauki. Na lura uwargidan ba ta kawo kwakwa gunduwa-gunduwa. Gogawa take yi, ta ɗan barbaɗa cikin ganye, ta dafa tare da kayan ƙamshi. Na ci cokali uku, cikina lafiya lau har dare. Ɗayan ɓarin na miƙa mata, ta ce gobe da rana za ta soya mana shi da barkono da tsamiya.