Mun Kai Jariri Maraɗi

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ɗan fili a cikin jaridarka mai farin jini, in ba 'yan'uwa masu karatu labarin tafiyar da na yi da iyalina daga Kankiya zuwa Maraɗi ta ƙasar Nijar, cikin hutuna na watan Disamba 1922 da ɗari, watau 2022. Abin da ya sa na ga ya cancanci rubutawa shi ne da jariri ɗan wata biyar muka tafi, kuma mutane da yawa sun ce mini ganganci ne.

Ni akawu ne, kuma mu da muka fito makarantar mishan an hore mu da auna kowane abu kafin mu taɓa shi. Na auna. Daga Kankiya zuwa Maraɗi, ta Caranci da Katsina da Jibiya, tafiyar ba ta wuce mil 100 ba. Watau mutumin Kankiya ya fi kusa da Maraɗi bisa ga Kaduna, amma in ya ce za shi Kaduna sai a ce a sauka lafiya, in ya ce Maraɗi sai a ce ya fita ƙasar waje. Dalilin tafiyar kuwa, surukata mutuniyar Kusada ce, tana da yaya da aka aurar Maraɗi tun suna 'yan mata. Tsohuwar ta makance, ta kuma aiko har sau uku cewa a kawo mata ɗan da 'yarta ta haifa ta ji shi a hannunta. An rufe iyaka a watan Agusta 2019, ƙofar Jibiya kuwa ba a buɗe ta ba sai Afrilu 2022. Masu ƙarfi suna bin daji a kan babur, amma wa zai bi daji da tsohuwa da mai jego?

Muka yi shatar mota. Muka biya Kusada da sassafe muka ɗauki Inna, watau surukata, da ƙanwar maiɗakina, yarinya 'yar shekara goma sha biyu. Ban yarda mu yi asubanci ba, don hanyar Jibiya a lokacin ba a binta sai rana ta fito sosai, a kuma bar ta tun kafin la'asar.

To, Edita, abin da lissafina bai iya aunawa ba shi ne kunya. Yaron ɗan fari ne. Kowa ya san al'adarmu: uwa ba ta kiran sunan ɗan farinta, ba ta yi masa wasa a gaban manya, balle a gaban mahaifiyarta. Ni kuma suruki ne, ba na cin abinci a gaban Inna, ba na ɗaga murya. A gida wannan duka mai sauƙi ne, gama akwai zaure, akwai ɗaki, akwai zana. Amma mota ba ta da zaure. Yaro ya fara kuka tun muna wuce Caranci. Uwarsa ta kau da kai tana kallon gonaki kamar ba nata ba ne. Inna ta karɓe shi tana jijjigawa, ni kuwa ina gaba kusa da direba, na kafa ido a kan titi. Kowa a cikin motar ya san abin da yaron yake so, ba wanda zai iya faɗa. Sai yarinyar nan, da ba ta da surukin kowa, ta ce, "Yaya, yunwa fa yake ji." Nan da nan na ce wa direba ya tsaya in duba taya. Na fita na duba tayoyi huɗu lafiyayyu har yaro ya ƙoshi. Kafin mu kai Maraɗi na duba tayoyin nan sau biyar, har direba ya ce bai taɓa ɗaukar fasinja mai tausayin mota kamata ba.

Magana mai nauyi ta taso bayan mun wuce Katsina. Hunturu ne, ƙura ta rufe sama, leɓunan yaro sun bushe. Inna ta kwance gorarta za ta ɗura masa ruwa, ta ce haka ta yi wa 'ya'yanta bakwai. Ma'aikatan asibiti kuwa sun gargaɗe mu cewa kada a ba jariri komai sai nono har ya cika wata 6, gama nonon da kansa yawancinsa ruwa ne, ruwan hanya kuma shi ke kawo zawo, zawo kuwa yana iya ƙarar da jariri cikin kwana guda. Ina jin su ta baya, gabana yana faɗuwa. In na yi magana na yi wa suruka rashin kunya, in na yi shiru ɗana ne. Sai na juya ga yarinyar, ba ga Inna ba, na ce, "Ki roƙar mini Inna arziki, ta yi haƙuri ta bar wa malaman asibiti wata ɗayan nan da ya rage, bayansa mijinta nata ne, ta ba shi ko kunun kanwa." Inna ta yi shiru har na zaci na ɓata. Can sai ta ce wa yarinyar, "Gaya wa mutumin gaba na ji." Ta mai da gorar. Ba ta sāke tayar da zancen ba, amma ba ta kuma yi mini magana ba sai washegari.

A kan iyaka takardu suka yi mana rana. Yarjejeniyar ƙasashen Afirka ta Yamma ta 1979 ta ba mutum izinin shiga ƙasar maƙwabta ya zauna kwana 90 ba biza, kuma a lokacin Nijar tana cikin ƙungiyar. Ta fita a Janairu 2025. Na riƙe takardar haihuwar yaro da katinsa na riga-kafi, mu manya kuma da katinmu na allurar shawara. A wani shinge, ba zan faɗi na wane ɓangare ba ne, wani ya ce ina katin shawarar jariri. Na buɗe masa katin asibiti na nuna masa cewa allurar nan sai a wata 9 ake yi. Ya jujjuya katin, ya dube ni, ya ga ba abin da zai fito daga aljihuna, ya ɗaga sanda.

Daga Ɗan Isa zuwa Maraɗi ban ga abin da ya bambanta ba sai allunan hanya da Faransanci da kakin jandarmomi. Gero ne irin namu, rumbuna irin namu, Hausar ma Katsinanci ce. Ba abin mamaki ba ne. Bayan masu jihadi sun ci Katsina a 1807, sarautar Haɓe arewa ta yi, Ɗan Kasawa ya zauna Maraɗi wajen 1819, har yau kuwa Sarkin Katsina ake ce wa sarkin garin. Gulbin Maraɗi ma daga ƙasar Katsina yake tasowa, ya bi ta Jibiya, ya ratsa Nijar, sa'an nan ya komo Nijeriya ya haɗu da Rima. Shi ne ya ci tsohon garin a ambaliyar 1945, aka tashi aka hau tudu. Abin da ya ruɗe ni kuɗi ne: dalarsu sefa 5 ce, jikarsu sefa 1,000, sai mai kilishi ya ce dala ɗari, akawu guda ya tsaya yana ƙirga da yatsu.

Da muka shiga gidan, aka sa wa tsohuwa yaron a cinya. Ta shafa kansa, ta bi kunnuwansa da yatsa, ta ce kunnen ubansu ne na Kusada. Ta ce, "Angona, ka zo mini hannu rabbana, ko turmin atamfa babu?" Ita da Inna suka kwana suna hira, ina jin su daga zaure suna lissafin waɗanda suka mutu. Kwana huɗu muka yi. Mun je tafkin Madarunfa, yaro ya yi barci tun daga zuwa har dawowa, bai ga ko tsuntsu ɗaya ba. Ya komo Kankiya da 'yar mura, ta sake shi cikin mako.

Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023 aka sāke rufe iyaka, ba a buɗe ba sai Maris 2024. A tsakanin nan tsohuwar ta rasu. Ta waya aka gaya wa Inna, a Kusada ta zauna karɓar gaisuwa, ba ta sami zuwa ba.

Wassalam. Ni ne naka,
Akawu, Kankiya.