Tafireta da Haruffa Masu Ƙugiya

Tafireta uku na tara tun bayan da na kammala digiri. Akwai Olivetti Lettera 32 ƙirar Italiya, samfurin da ya fara fitowa a 1963. Akwai Olympia ta Jamus, mai nauyin dutsen niƙa. Ta ukun daga Maraɗi ta zo hannuna, haruffanta a jere bisa tsarin Faransa, A da Z suna zaune a gurbin Q da W. Duk da bambancinsu, abu guda ya haɗa su: babu wadda ke da ƙ, ɗ ko ɓ.

Dalilin a fili yake. Lokacin da kamfanin Remington ya fito da tafireta kasuwa a Amurka a 1874, don Turanci aka tsara ta. Da ta iso ƙasar Hausa, ta shiga ofisoshi, ta kuma zauna a bakin kotuna da gidajen waya, inda masu buga takardu ke rubuta wa jama'a wasiƙu da takardun rantsuwa. Idan da Hausa za a buga, sai an yi dabara, domin in an bar ƙugiya, ƙasa ta koma kasa, ƙaya ta koma kaya, baƙi ya koma baki. Wasu sukan haɗa harafin da ɗan waƙafi a sama, wasu kuwa sai sun zare takarda su bi ta da biro suna lanƙwasa kan kowane harafi.

Hanya ta biyun nake bi. Tafireta ba ta da maɓallin gogewa, don haka jimla takan nuna a zuciyata kafin yatsa ya sauka. Idan shafi ya cika, in ɗauki biro in bi layi-layi ina sa ƙugiya. A wannan bitar nake jin nauyin kowace kalma, abin da ban taɓa samu a kwamfuta ba.

Sai dai sana'ar tana ƙarewa. Kamfanin Godrej na Indiya, ɗaya daga cikin na ƙarshe masu ƙera irin waɗannan injuna, ya daina a 2009. Ribin ya yi wuyar samu. Dattijon da ke yi mini gyara, tsohon ribin yake sake jiƙawa da tawada, kuma ba shi da yaron da ke koyo. Ya taɓa ce mini, "Ɗana, ranar da idona ya gaza, sai ka mai da su kayan ado." Na ce, "Baba, to a koya mini." Yanzu duk Asabar ina shagonsa da buroshi da ɗan man keke.

Yau wayoyinmu suna iya fitar da ƙ, ɗ da ɓ cikin sauƙi, amma yawancin saƙonnin da ke iso mini babu su. Magabatanmu injin ya hana su, suka cike giɓin da hannu, harafi bayan harafi. Wannan kulawar nake so in gada daga gare su, ko da injunan sun daina motsi.