Daga Geceme zuwa Yamai: ina makarantar yaran da anka bari gida?

'Yan uwa manoma da makiyaya, kowa ya san Geceme. Gari ne na cikin Dallol Mawri, ƙasar Arewa, jihar Doso. Da can muna cikin gundumar Dogon Dutsi. A shekarar 2011 anka yi gundumar Tibiri, munka koma cikinta. Ruwa ba shi da nisa a fadama. Muna noma hatsi, dawa, wake da gujiya a tudu, ga rake da rogo da mangwaro cikin kwari. Da safe hanyoyi cike suke da yara masu zuwa lakwal.

Amma akwai waɗansu yara da ba a gani bisa hanyar. Suna bayan darni, suna zaune kusa ga turmi. Wani kurma ne, wani makaho, wani gurgu. Wani kuma abin ya haɗe mishi biyu ko ukku: ba ya tafiya, ba ya magana, wuyanshi ba ya tsayawa, ga farfaɗiya. Zancen waɗanga yara za mu yi a wannan wata.

Mu fara da mafarin abin. Mutane da yawa suna cewa iska ce ko sammu. Likitoci sun nuna wani abu dabam. Sanƙarau na kashe kunne: a 1995 da 1996 ya yi ɓarna ƙwarai a ƙasarmu, kuma da yawa cikin waɗanda sunka tashi ba su ƙara ji ba. Ƙyanda na makantar da yaro in ta tarar da shi da tamowa. Shan inna na shanye ƙafa. Doguwar naƙuda, shawara mai tsanani ga jinjiri, da zazzaɓin cizon sauro mai sa suma, duk suna taɓa ƙwaƙwalwa. An samu sauƙin waɗansu. A watan Disamba 2010 anka fara sabuwar allurar sanƙarau a Nijar, Mali da Burkina Faso. A 2020 anka shaida cewa ƙwayar shan inna ta asali ta ƙare a Afirka. To amma yaran da abin ya riga ya taɓa suna nan tare da mu.

Mai neman makaranta ta musamman daga Geceme, sai shi shirya guzuri. Za ka fita ka kama babbar kwalta, ka bi ta Doso. Daga Doso zuwa Yamai kusan kilomita 140 ne, ta Birnin Gaure. A Yamai akwai makarantu biyu da sunka daɗe, tun zamanin mulkin Seyni Kountché. Ta makafi ana ce mata Soli Abdourahamane, ta kurame kuwa Hassane Bana Ba.

Karatun makafi abin mamaki ne. Ba alƙalami, ba tawada. Ana sa takarda mai kauri cikin wani ɗan allo mai ramuka, a riƙa huda ta da tsinke. In an juya takardar, sai ka ji ƙuraje sun taso. Da kan yatsa ake karanta su. Ɗigo 6 ne kawai, jerawarsu ce ke bambanta baƙi da baƙi. Wani Bafaranshe mai suna Louis Braille ya ƙago shi. An haife shi a 1809, ya ji rauni a ido yana da shekara 3, har ya makance. Ku da kuka koyi a, ba, ca da girmanku a cibiyar yaƙi da jahilci, kun san wuyar baƙin farko da daɗinshi. Haka su ma.

Kurame kuwa da hannu suke karatu. Wannan ba baƙon abu ba ne gare mu. Maganar hannu ta daɗe a ƙasar Hausa, ko a kasuwa kuna ganin kurma na ciniki da ita. Makaranta na ƙara mata rubutu da lissafi. Wani kurma baƙar fata ɗan Amurka, Andrew Foster, ya buɗe makarantar kurame a Gana a 1957, daga nan ya bazu ƙasashe da dama. A Nijar, ban da Yamai, an buɗe makarantun kurame a Maraɗi da Damagaram. An kuma buɗe azuzuwan makafi cikin lakwal na kowa da kowa a garuruwa irin su Ƙonni da Tawa. Maƙwabtanmu na Najeriya suna da ta Tudun Maliki a Kano, da ta A. A. Raji a Sakkwato.

Ga inda gizo ke saƙa. Duk waɗanga makarantu a birni suke. Talaka na tunanin kuɗin mota, da gidan da yaro zai zauna, da wanda zai kula da shi. Sa'annan makarantar makafi don makaho anka yi ta, ta kurame don kurma. Yaron da ba ya ji, ba ya tafiya, sai an ba shi abinci a baki, shi ne ya fi kowa rasa wuri. Uwarshi ce makarantarshi, ita ce likitarshi, ga daka, ga rijiya.

Doka tana bayanshi. Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta haƙƙin naƙasassu a 2008. A Disamba 2019 anka yi doka mai lamba 2019-62 don shigar da su cikin al'amurran ƙasa. Amma doka ba ta da ƙafa, sai an ɗauke ta an kai ta ƙauye.

Ga abin da za mu iya tun yanzu:

1. A yi ma yaron takardar haihuwa kamar sauran. Wanda ba a rubuta ba, ba a lissafa shi.
2. A kai shi likita da wuri. Farfaɗiya na da magani, kuma ba a ɗaukarta ta miyau ko ta taɓawa. Ƙafar da anka haifa a murɗe ana gyara ta, asibitin CURE na Yamai na wannan aiki tun 2010.
3. A je a ga daraktan lakwal da kwamitin iyayen yara. Mai ƙarancin ji ko gani shi zauna gaba, kusa ga malam.
4. Wanda ba ya zama, kafinta shi yi mishi kujera mai jingina. A kafa itace biyu a tsakar gida shi riƙa dafawa yana koyon tsayuwa.
5. A riƙa yi mishi magana, a kira sunanshi. Kar a ɗaure shi, kar a rufe shi ɗaki, kar a tura shi bara.

Muna kira ga magajin gari, da sarakuna, da masu kula da ilimi na Tibiri, su ƙidaya waɗanga yara ƙauye ƙauye, har da ruggage. In an san yawansu, sai a nemi aji da malamin da ya koyi aikin. Manomi ba ya ƙin shuka gona don tana da jigawa, taki yake ƙara mata. Wanda ya karanta wanga labari shi karanta ma maƙwabcinshi.