Kambas ɗin All Star: Mu saya ko mu haƙura?

Mu 'yan aji shida, daga kuɗin tara muke ragewa mu zuba adashi, kuma da yawanmu ido na kan kambas ɗin All Star. Kamfanin Converse na Amurka ne ya fito da shi a 1917 don 'yan ƙwallon kwando. Har yau siffarsa ba ta sauya sosai ba: sama yadi, ƙasa roba. Shi ya sa yayinsa ba ya wucewa.

Amma mun zauna mun yi lissafi. Tafinsa a shimfiɗe yake, ba shi da laushi, mai doguwar tafiya zuwa makaranta zai ji a ƙafarsa. Da damina ruwa na ratsa yadin, da hunturu ƙura ta mayar da fari ja. Ga jabu ya cika kasuwa, robarsa ba ta daɗewa take ɓallewa.

Ga matsayarmu. Wanda ke da takalmin makaranta mai ƙwari, ya nemi na gwanjo, ya duba ɗinki da tafi kafin ya biya. Wanda rajistar JAMB ke jiransa kuwa, ya haƙura tukuna. Takalmin da ya haura shekara 100 a kasuwa zai jira mu gama jarrabawa.