Mun Je Daura Duba Baffa

Hanyar Kano zuwa Daura ba ta da wuyar bi. Ka miƙa arewa ka ratsa Dambatta, ka shiga Jigawa ta Kazaure mai duwatsu, daga nan sai ƙasar Katsina. Da hunturu muka yi tafiyar, an gama girbi, hazo ya lulluɓe gonaki. Ni da ƙanwata ne, ita likitar gashin ƙashi ce, za mu duba Baffa da ɓarin jikinsa na dama ya shanye, ba a daɗe da sallamo shi daga asibiti ba.

A mota wani dattijo ya ji abin da ke tafe da mu, ya ce ai wannan ciwo shafar iska ce. Ƙanwata ta rusuna murya ta ce, "Baba, jijiyar jini ce ke toshewa ko fashewa a ƙwaƙwalwa, kuma hawan jini ne kan gaba wajen jawo shi." Ta ce ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa shi ke juya ɓarin dama na jiki, kuma galibi a nan cibiyar magana take, shi ya sa harshen Baffa ya yi nauyi. Har muka wuce Kazaure ana muhawara.

Mun tarar da Baffa kwance, Inna tana ba shi kunu a baki. Da za a zaunar da shi, samari biyu suka kama hannayensa za su ja. Ƙanwata ta tare su: hannun da ya shanye ba a jansa, kafaɗar na iya gocewa. Sannan ta juya ga Inna. "Inna, tausayin nan ya yi yawa. Duk abin da kuka yi masa, kun hana jikinsa koyo."

Ta sa aka kawo kujera mai ƙwari aka jingina da bango. Baffa ya harɗe yatsun hannu biyu, mai lafiyar ya ɗaga maras lafiyar sama a hankali. Ya kwanta rigingine, ya tanƙwashe gwiwoyi, ya ɗaga ƙugu. Ya zauna, ya kafa ƙafafu a ƙasa, ya sunkuyo ya miƙe, mutum na tsaye ta ɓarin da ya raunana. Aka zuba gyaɗa a faranti ya riƙa tsinta ɗaya-ɗaya, aka mayar masa da carbinsa hannun dama. Kowanne sau 10 ta ce a fara, safe da yamma, ana ƙarawa sannu-sannu.

Dalilin da ta bayar shi ne ƙwaƙwalwa na buɗe sababbin hanyoyi idan ana maimaita motsi, kamar yadda sawu ke fitar da turba a jeji. An fi samun sauƙi cikin wata 3 zuwa 6 na farko, amma ba a nan yake tsayawa ba. Ta gargaɗe su a dakata in ya ji jiri ko ciwon ƙirji, kada a yi wasa da maganin hawan jini, a rage gishiri da dunƙule. In baki ya sake karkacewa ko magana ta sarƙe, asibiti nan take.

Baffa ya share gumi, ya ce da ƙyar, "'Yar nan, yaushe zan je masallaci?" Ta ce daga ɗaki zuwa zaure za a fara, da sanda.

Kafin mu kama hanya da la'asar, an ɗora wa babban jikansa aikin ƙirga motsin, kuma duk Juma'a zai turo mata bidiyo ta WhatsApp ta ga inda aka kwana. Inna kuwa ta yarda, ba da son ranta ba, daga gobe Baffa da kansa zai riƙe ludayi.