Mai masauki a tsakiyar daji

A dazuzzukan gwamnati na Amurka akwai zanguna da aka ware domin masu son kwana cikin daji. Mutum ya zo da iyalinsa, ya kafa tanti, ya yi kwana biyu ko uku ya koma gida. A da yawa daga cikin waɗannan zanguna akwai wanda ake kira mai masauki. Ɗan sa kai ne, ba ya da albashi, ba ya riƙe da bindiga. Fili kawai ake ba shi kyauta inda zai kafa tantinsa ko ya ajiye motarsa ta kwana, shi kuma ya zauna watanni yana kula da wurin. Hukumar gandun daji ta ƙasar, wadda aka kafa a 1905, ta samu izinin ɗaukar ƴan sa kai ta wata doka ta 1972.

Na san wannan aiki ne ta bakin wani abokina Ba'amurke. Ya zo Nijar cikin ƴan Peace Corps, ƙungiyar da ta yi aiki a ƙasarmu daga 1962 har Janairun 2011, lokacin da aka kwashe mutanenta saboda matsalar tsaro. An sauke shi a ƙauyen da aka fara tura ni koyarwa a jihar Maraɗi, kuma can ya koyi Hausa har yana jefa karin magana. Yanzu malamin makaranta ne a ƙasarsu. Idan babban hutu ya zo, sai ya tafi dajin Hila, a jihar Niyu Meziko, ya zama mai masauki.

Dajin ya fi hekta miliyan ɗaya faɗi, wasu duwatsunsa sun haura mita 3,000, itatuwansa dogaye ne masu ganye kamar allura. Tun 1924 aka keɓe wani yanki nasa inda ba a yin hanyar mota. A zangon abokina babu wutar lantarki, waya ba ta kamawa. Sai ya sauka gari sayen abinci, sau ɗaya a mako, nake samun saƙonsa na murya ta WhatsApp.

Aikin ba na ado ba ne. Da sassafe yana zagaya zangon, ya duba ban ɗaki ya wanke, ya tsince shara, ya tarbi sababbin baƙi ya gaya musu ƙa'idoji. Ba a wuce kwana 14 a zango ɗaya. Ƙarfe 10 na dare hayaniya ta ƙare. Abinci kuma sai an kulle shi cikin mota ko akwatin ƙarfe saboda beyar, wata babbar dabbar daji mai ƙarfin jin ƙamshi. Beyar da ta saba da abincin mutane takan daina tsoronsu, ƙarshenta kuwa sau da yawa harbi ne. Wato mai barin tukunya a waje, dabbar yake kashewa bai sani ba.

Babban abin tsoro shi ne wuta. Watannin Mayu da Yuni fari ne a can, ruwa ba ya sauka sosai sai Yuli, kusan kamar damanarmu. A 2012 tsawa ta tada gobarar da ta cinye kimanin hekta dubu 120 a wannan daji. Tsawa ba mai hana ta, amma garwashin da baƙo ya bari yana hannun mutum. Don haka duk murhun da aka tashi aka bari sai ya bi shi: ya zuba ruwa, ya motsa tokar, ya ƙara ruwa, sannan ya kai bayan hannunsa kusa ya ji ko da sauran zafi.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne ba ya da ikon cin tarar kowa. Wanda ya ƙi jin magana, sai dai ya kira ma'aikacin gandun daji ta rediyo, shi kuma yana iya ɗaukar awoyi kafin ya iso. Ya ba ni labarin wasu samari da suka hura wuta a lokacin da aka hana. Ya je ya gaishe su, ya tambayi daga ina suke, sannan ya ce zai ara musu murhunsa na gas su ƙarasa girki. Suka kashe wutar da kansu. Duk malamin da ya taɓa tsayawa gaban yara 70 ya san wannan dabara, domin tsawa tana aiki ne muddin kana tsaye a wurin, wanda ka girmama kuwa yana kiyaye maganarka bayan ka juya baya.

Na taɓa tambayarsa: "Abokina, nawa suke ba ka kana wanke ban ɗakin mutane?" Ya yi dariya ya ce: "Malam, ku nawa kuke biyan tsohon da ke share masallaci?"

Ba ya ɓoye wahalar. Akwai kaɗaici, akwai sanyin dare ko cikin Yuli, akwai baƙon da zai zage shi don ya tuna masa doka. Gaskiya ne kuma cewa yana da albashin da ke riƙe shi cikin hutu. Malamin kwantaragi da ke jiran kuɗin wata, ga gona tana jiransa, ba za a ce masa ya bar gida wata uku ba. Ban kawo labarin don haka ba.

Na kawo shi ne saboda makarantunmu. Kowace ranar 3 ga Agusta muna dasa itatuwa, a yi jawabi, a ɗauki hoto. Lokacin kuwa lakkol tana rufe. Kafin yara su dawo a Oktoba awaki sun gama da rabin dashen, abin da ya rage kuma rani ya ƙarasa shi. Ƙofar ban ɗaki ta ɓace, tagar aji ta karye, kowa ya ce kayan gwamnati ne. Zangon abokina ma kayan gwamnati ne, amma akwai mutum a cikinsa wanda baƙi suka san fuskarsa, suke jin kunyar ya zo ya tarar da ɓarna.

Mu ba ma buƙatar tanti ko tafiya mai nisa, domin makarantar tana bayan gidajenmu. Babban hutu kusan mako 13 ne. Idan kwamitin iyayen yara ya samu gidaje 13, kowane gida ya ɗauki mako ɗaya, a leƙa safe da yamma, a gyara shingen ƙaya, a kori dabba, a gaisa da yaran da ke ƙwallo a fili a tuna musu da tagogi, to makarantar ta samu mai masauki. Kowane dashe kuma a danƙa shi ga yaro ɗaya ya riƙa ba shi ruwa har ƙarshen rani. A taron iyaye na ƙarshen shekara ya kamata a rubuta sunayen, kafin a kulle ƙofa.